Ƙotar Madobiya

Ran da masaƙa ta rufe a Kakuri
na dawo gida da hannuwa biyu
waɗanda ba su iya zama ba.
Shekara ashirin da bakwai suna ɗaure noti,
sai ga su suna kwana suna laluben bargo.

Tasalla ce ta jawo ta daga ƙarƙashin gado
garin neman murfin kwano:
bindigar Baba, mai baki ɗaya,
naɗe cikin buhun gishiri,
lasin ɗinta a gwangwanin madara.
Ƙarfen lafiya lau.
Ƙotar ce gara ta yi wa aika-aika,
ta cinye ciki ta bar fata,
kamar mutumin da kuke sahu ɗaya kullum
ba ka san bashi ya gama da shi ba.

Na tafi Panteka.
Jatau mai katako ya nuna maɗaci, na kau da kai.
Ya nuna ƙirya, na ce wa zai saɓa dutse?
Sai ya kutsa can ƙurya
ya fito da guntun madobiya
da ya sha damina shida a inuwa.
Na ƙwanƙwasa. Ya amsa.
Muka yi ciniki kamar za a daku,
muka rabu yana tambayar iyali.

Itace ba ya jin sauri.
Gizago ya fara, magagari ya karɓa,
sandfefa ta goge har zanen yatsuna.
Sau biyu hannuna ya zarce.
Na farko na yi istigfari,
na biyu na faɗi abin da ya sa na sake alwala.
Jan gari a gemuna, a darduma, a bakin kofin shayi.
Tasalla ta ce, “Malam,
gadon nan fa shekararsa uku yana kuka,
shi bai kai a duba shi ba?”

Da tsohuwar ƙota na yi awo, ban ƙara ba, ban rage ba.
Na ɗora a kafaɗa,
ta gaza ni da yatsa biyu.
Ashe Baba gajere ne.
Ni da na girma ina ɗaga kai in dube shi.

Da na kwance ƙarfen gindin tsohuwar,
wata 'yar takarda ta faɗo, ta yi launin ƙasa.
Na ɗauka laya ce.
Ajami ne, da hannunsa mai karkata:
Makau, Indo, Talle, Shekarau,
har da Cindo da bai kai yaye ba.
Ba addu'a, ba sa hannu. Sunayenmu kawai,
daidai inda itace ke dukan kafaɗa.
Harsashi ɗaya, bakuna bakwai a gida.
Sai yau na gane dalilin
da yakan daɗe yana saiti har zabo ya gaji da jira.

Wata huɗu, na shafa mai, na bari ya sha,
na sake shafawa.
Jijiyar itacen ta fito
kamar kogin Kaduna in ka leƙo daga gada da la'asar.

Nafi'u jikana ya ce, “Yaushe za mu harba?”
Na ce dajin da na sani ya sake masu gida,
idona na dama kuma ya fara hazo.
Fakara ta sha kuruminta, ba ni ba ita.

Na ƙara suna uku a ƙasan na Baba,
da biro, da boko, hannuna na rawa.
Na mayar da takardar mazauninta, na ɗaure.

Da guntun da ya rage na gyara ƙafar gado.
Ya daina kuka.
Tasalla ta ce yanzu shirun ne ke hana ta barci.