Kwana Uku

Ranar da sunana ya fito a jami'a
Gwaggo Yelwa na dakan sassaƙen marke a Ƙofar Doka.
Ta tsai da taɓarya, ta dube ni:
"Me za ki karanto a Samaru, Ladidi?"
Na ce, "Maganin gargajiya."
Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.
"Abin da ke shanye a bayan ɗakina
shi za a biya wa kuɗin makaranta?
Ba ni rabi, in sauke ki kafin azumi."

Na tafi dai.
Aka ɗinka mini farar riga mai aljihu biyu,
aka miƙo mini sabara, wadda na sani tun ina rarrafe,
da sunan Latin mai tsawon igiyar guga.
Na danne ganyenta cikin tsoffin jaridu,
na manna a kwali, na rubuta rana da wuri,
sai ka ce baƙuwa ce ta zo yankan katin shaida.

Dakta Tanimu bai taɓa raina ganye ba.
Tambayarsa guda ce, ita ce kullum:
"Nawa?"
Cikin tafin hannu? Hannun wa?
Na Gwaggo ɗan mitsitsi, na Sarkin Fawa faifai guda.
Tafasa biyu? A wutar kara ko ta ƙirya?
Sai ma'aunin da numfashi ke girgizawa,
sai lissafi, sai gyangyaɗi a kan benci.

Zangon ƙarshe na ɗauki jiƙon da take ba masu shawara,
ɗaci uku, na huɗun ni kaɗai ta raɗa wa.
Na ɗura wa fararen ɓeraye safe da yamma
har kwana ashirin da takwas.
Makon farko lafiya lau.
A na uku suka daina rububin dusa.
Ranar da muka leƙa ƙodarsu a madubin ɗakin gwaji
na fita, na zauna gindin darbejiya,
ƙosan da na saya ya huce a leda.

Motar Birni ba ta taɓa yi mini sauri kamar ran nan ba.
Kwangila, Tudun Wada, har ga ganuwa.
Ta yaya ake ce wa matar da ta yanke miki cibiya
maganinta na cin mutum ta ciki?

Na faɗa, kaina a ƙasa, takarda na rawa.
Ba ta daina tsince bagaruwa ba.
"Kwana nawa kika ce?"
"Ashirin da takwas."
"Subhanallahi! Ke da wa?
Uku nake bayarwa, na huɗu kunun tsamiya.
Wanda bai ji dama ba, in ce tafi Shika, sun fi ni.
Ɓerayen nan, wa ya kawo su gabana?
Kin tambaye ni abin da ake sawa,
ba ki tambayi ranar da ake bari ba."

Na yi shiru, digirina ya ƙanƙance
har ya shige ƙoƙon awonta.

Amma da dare na ji gadon ƙarfe na kuka,
ta juya, ta sake juyawa.
Kafin kiran assalatu ta taɓa ƙafata:
"Audi direba galan guda yake saya in zai tafi Kurmi.
Wata biyu ba na ganinsa.
Ban san ko yana ƙirgawa ba."

Muka kunna fitila, ta jawo kwalaben gaba ɗaya,
na yanka takarda, ta dama sitaci.
"Rubuta da boko, manya-manya.
In gari ya waye Malam Ɗalha ya sa ajami a ƙasa."
Na ce, "Me zan rubuta, Gwaggo?"
Ta ce, "Kwana uku.
Ki ƙara da abin nan na malaminku.
Nawa."