Lamba Ɗari da Sha Bakwai

A Kasanare ruwa kan kwanta wata biyar a makiyaya
kamar baƙon da ya manta hanyar gida.
Mahaifina Aristobulo ya rasa shanu goma sha ɗaya.
Ba ruwan ne ya ci su ba,
ciyawa ce ta ruɓe a ƙarƙashinsa.
Da ya janye, sai laka da wari.

Yanzu aikina nutsar da ciyawa.
Tukwane ɗari uku a rumfar gwaji,
kowace da lamba a wuya.
Da asuba nakan buɗe famfo
har ruwa ya haura baki da yatsa uku,
in bar su kwana ashirin da ɗaya.
Wasu kan yi rawaya tun ran huɗu.
Tausayi ba shi da gurbi a littafin, sai lamba.

Dakta Nohemi ta yanka saiwar ɗari da sha bakwai,
ta ce, leƙa madubi, Dioselina.
Ramuka ne a jere, kamar cikin sarewa.
Ta nan take shaƙar iska
alhali ruwa ya kai mata wuya.

Ɗaya sirrin ido ba ya kama shi.
Saiwar kan tsatso wani abu
mai sa ƙananan halittun ƙasa gyangyaɗi,
kada su kwance naitirojin
ya bi ruwa zuwa kogin Meta, ko ya bi iska.
Abin da saniya ta zubar, ƙasa ta adana.
Na ce, ashe ciyawa ma tana da asusu.

Shekara shida muna haɗa fure da fure.
Mai jure ruwa, shanu sun kau da kai.
Mai daɗin baki, ƙwaro mai kumfa ya gama da ita.
Wata ta yi komai, sai ta ƙi yin iri.

Na kai wa tsoho dami guda a bayan babur.
Ya tauna kara, ya tofar, bai ce uffan ba.
Ya dasa a kwari mafi zurfi,
inda zalɓe ke tsayuwa da ƙafa ɗaya.

A watan takwas ya kira, layi yana yankewa.
Na ji ruwa a kan kwano, na ji kukan maraƙi.
Ya ce, 'yar taki, mai lambar nan,
tana nan kore.
Sai ya tambayi ko na ci abinci.