Ɗaya ga Janairu

Ƙarfe biyun dare a Gadarif,
wuta ta dawo bayan kwana uku.
Na kunna uwar garke, ta yi tari, ta tashi,
fankarta na ƙara kamar tsohon keken ɗinki.
Ta tashi dai, amma ta ƙi sanin kowa.

Da hantsi za a buɗe cinikin riɗi.
Buhu dubu huɗu na Alhaji Nurain
suna kwance a wannan akwatin ƙarfe, sun zama lambobi,
ni kuwa, Ukasha, ni ke riƙe da makulli.

Na buga kalmar sirri, ta karɓa.
Na ce ta gaisa da banki, ta noƙe,
wai takardar shaidar bankin ba ta fara aiki ba tukuna.
Tukuna?
Bankin da muka shekara shida muna hulɗa?

Na zargi kebul, na cire, na hura, na mayar.
Na zargi ɓera. Na zargi zafi.
Na zargi Mudassir da ya rubuta mana manhajar,
na tashe shi a Kassala, ya amsa cikin magagi:
"Ai a wajena tana aiki."
Kullum a wajensa tana aiki.
"Karanta kundinta," in ji shi, ya kashe waya.

Na zauna ina bin kundin layi-layi
kamar mai tsince tsakuwa a faifan riɗi.
Ga ƙorafinta, ga gaisuwarta da kayan cikinta,
duk lafiya lau,
sai can gefen hagu, inda take sa kwanan wata,
inda ido ke tsallakewa don sabo:
ɗaya ga Janairu, alif ɗari tara da saba'in.

Ashe ba lalacewa ta yi ba, mantuwa ce.
Ta farka a shekarar da ba a haife ni ba,
ba a aza tubalin ɗakin nan ba,
duk takardar da aka miƙa mata, daga gobe ta fito.
Ko ni ne, ba zan sa hannu ba.

Nan na tuna kakana Gwadabe a ƙarshen kwanansa,
kan gadon igiya a tsakar gida,
yana tambaya ko ayari ya tashi.
Da ƙafa ya baro Haɗeja, Makka ya nufa,
ya tsaya nan damina ɗaya ya haɗa guzuri,
damina ɗaya ta haifi hamsin.
Mu ce, "Baba, jikokinka ne."
Ya dube mu da mutunci, kamar baƙi a zaure,
ya ce shi bai yi aure ba tukuna.
Shi ba mu sami murfin da za mu kwance ba.

Na kashe ta, na warware sukurori huɗu.
Ga shi can a lungu, batir fale-fale kamar kwabo,
shi ke riƙe mata lokaci in duhu ya yi.
Ba shagon da ke buɗe a wannan sa'a.
Na ɗauko ɗan sikelin da muke auna samfur,
na roƙe shi aro, na zare nasa,
na saita agogo da hannu, na duba wayata sau biyu.

Banki ya amsa sallama.
Buhuna suka jeru, ba wanda ya yi ƙafa.

Batul mai shayi ta iso kafin kiran assalatu,
ta hura gawayi, ta miƙo min gahawa da citta.
"Me ya same ta?"
Na buɗe tafin hannu na nuna mata.
Ta yi dariya har ta dafa ƙofa:
"Wannan ɗan mitsitsin ne ya hana ka barci?"

Na rubuta a littafin aiki:
a sayo batir biyu, ɗaya bashin sikeli ne.
Mataccen na jefa a aljihun jallabiya.
An wanke ta sau uku tun ranar,
ina cire shi, ina mayarwa.