Ban Ƙwanƙwasa Ba

Asabar, watan Fabrairu, a Lofoten.
Ƙarfe shida, duhu bai ko motsa ba.
Agogon Ingvild ya yi ta kuka har ya gaji,
ni ina tsaye a bakin ƙofarta,
hannu a sama, a dunƙule.
Ban ƙwanƙwasa ba.

Shekara goma sha biyar ni ke tashinta.
Ni ce agogo, ni ce kalanda,
ni ce mai gano safar da ta ɓata.
Jiya ta ce, "Mama, aikina ne, ki bar ni."
To, na bar ki.

Sai tara ta farka.
Kafin ta isa bakin ruwa
'ya'yan Nygård sun gama da kawunan kifi,
sun yanke harsuna, sun cika bokitai.
Nata ya dawo fanko, yana ƙara a hanya.
"Ai kin ji agogon!"
Na ce na ji.
Sauran maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙaya.

A garin nan da haka yaro ke fara neman na kansa:
a soke kan kifi a tsinin ƙarfe,
a ja wuƙa, harshe ya faɗa bokiti,
sanyi na cin yatsu,
ƙarni na biyo ka har kan matashi.
Asabar ta gaba, ƙarar ƙofa ce ta tashe ni.
Ranar da ta yanke a yatsa ma
sai a kwandon shara na ga bandejin.

Ta tara kuɗinta a gwangwanin kofi.
A Afrilu ta ce inji za ta saya,
ƙarami, na kwalekwale, na hannu,
wajen wani mutum a Svolvær.
Na ga hoton. Tsatsa har ta yi 'ya'ya.
Ubanta Eilif ya buɗe baki,
na take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.
Tambaya ɗaya na yi:
"Kin ji tashinsa da kunnenki?"
Ta ce mutumin ya rantse mata.

Injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Wahalar wata uku ke nan, kwance a kan katako.
Ta zauna a rumfar jirgi tana kuka.
Na kai mata shayi.
Kuɗin suna aljihun rigata,
tun safe na ƙirga su, har sau biyu.
Da su na koma gida.
Daren nan ban san wadda ta fi wata rashin barci ba.

Ita ta nemo tsohuwa Gunvor mai gyaran inji.
Ta share mata shago, ta wanke sifanu,
Gunvor ta biya ta da faɗa da koyarwa.
Mako bakwai farcenta baƙi ƙirin.
Ta daina ce mini "ki yi mini",
ta koma "kin san me na gano?"
Rabin abin da take faɗa ban gane ba.

Yau Yuni, rana ta ƙi faɗuwa.
A ja na huɗu injin ya amsa.
Ta sa rigar ceto, ba wanda ya ce ta sa.
Ta miƙo mini 'yar takarda:
sunan tsibirin da za ta,
da "ƙarfe takwas", an ja masa layi.

Kwalekwalen ya yi ta ƙanƙancewa.
Na duba hannuna,
a dunƙule yake, kamar ranar nan.
Da ƙyar na buɗe shi na ɗaga mata.
Ba ta waiwayo ba, idonta na kan ruwa,
inda ya kamata ya kasance.

Takwas saura goma na jiyo tarin injin
daga bayan dutse.
Na kwasa da gudu, ni da shekaruna,
kada ta same ni ina jira.
Ta shigo tana warin fetur da gishiri,
ta tarar da ni a kujera da jarida.

"Mama," in ji ta,
"a juye kika riƙe ta."