Bencin Asibitin Jahun

Sau uku na yanke riɗi a Harbo,
zanen goyon da Hansai ta saya
na ƙasan akwati, bai san baya ba.

Ranar Talata muka hau babur zuwa Jahun.
Na ja hula har gira
kada wani ya gane ni.
Sai ga Haladu mai faci a ƙarshen benci,
ga Tabawa mai ƙosai da mijinta,
kowa na kallon takalminsa.

Malama Asabe ta ce:
"Shekara guda cur kuna tare,
ba ƙwaya, ba allura,
ciki bai samu ba,
sunansa jinkiri.
Ƙofa ce mai nauyi, ba a ce bango ba.
Cikin mutum shida, ɗaya kan ɗanɗana.
Kuma ba gona kaɗai ake dubawa ba,
har da iri."

Ta miƙo mini 'yar kwalba.
Hannuna ya yi rawa.

Da dare na ƙirga gidajen layinmu,
goma sha takwas.
Ashe shirun ba namu kaɗai ba ne.

Da safe Hansai ta ciro zanen,
ta kakkaɓe,
ta shanya shi ya sha iska.