Kalma Mai Harafi Uku

Ɗiyar ƙanwata, Rakiya, ta dawo da aikin gida:
a nemo asalin wata kalmar Turanci,
harafi uku kacal, wai ita ce murna a wurinsu.
Ina zaune a ƙofar gida a Gwammaja,
ina ɗinke bakin buhu,
zafi ya hana kowa sakat.

Muka ɗauko ƙamus ɗin marigayi Yaya Tanimu,
wanda gara ta cinye wa bango.
Ya ce kalmar baƙuwa ce ko a can:
daga bakin Faransawa ta haye ruwa,
su ma gadonta suka ci wurin Rumawan dā.
Na ce, ashe 'yar ci-rani ce,
ta daɗe har ta manta hanyar gida.

Ta ce, to namu fa, Kawu?

Na soke allura a buhu.
Fara'a da nishaɗi da annashuwa, na ce,
daga bakin Larabawa muka karɓe su,
suka kwana cikin gafakar malamai,
suka waye gari suna ciniki a Kurmi,
yau wa zai ce musu baƙi?
Farin ciki kuwa, nan aka binne cibiyarsa.
Ba a fuska muka ajiye shi ba,
a ciki ne, inda tuwo ke sauka,
inda maƙwabci ba ya leƙawa.
Ita murna, ban san iyayenta ba.
Duk zuwan da take yi, sauri take,
ban taɓa samun sukunin tambayarta ba.

Tana cikin rubutawa
sai famfon tsakar gida,
wanda ya yi wata huɗu bai ce uffan ba,
ya yi tari.
Ya sake tari, ya tofar da jan kaki,
sannan ruwa.

Layinmu ya ɗauka gaba ɗaya: an kawo! an kawo!
Bokiti na karo da bokiti,
Goggo Indo mai ciwon gwiwa ta riga kowa,
ɗankwali a hannu.
Rakiya ta yar da biro, ta ruga ba takalmi.

Na tsinci littafin a gefen kwata.
Feshi ya same shi,
tawada ta narke, haruffan uku sun zama shuɗin tabo.
Gobe malama za ta tambayi asali.
Na shanya shi a kan katanga,
na ɗauki jarka, na shiga layi.