Rabin Ƙwaya

Ni mai faci ne a bakin Ƙofar Ƙaura,
shekara goma sha tara ina farautar huda.
In tsoma tiyub a kwanon ruwa,
inda kumfa ta tashi, nan ɓarnar take.
Sai ga tawa hudar ba ta kumfa,
ba ta huci, ba ta ce uffan ba.

Jini na je bayarwa, ba jinya ba.
Matar ƙanena Mannir ce kan gwiwa,
aka ce leda biyu kafin la'asar.
Na naɗe hannun riga ina barkwanci.
Yarinyar ɗakin gwaji ta daɗe a ciki,
da ta fito ba ta dube ni ba.
"Malam Sada, naka ba zai yiwu ba.
Ka ga likita. Hanta ce."
Na ce hanta kuma? Ni da ko zazzaɓi
sai ya yi sallama kafin ya shigo gidana!

Likita ya ja takarda, ya ce ƙwaya ɗaya,
kullum, kamar asuba, babu fashi.

Ban damu ba, ai ina da kati.
Murja ce ta matsa har muka yanka,
da kuɗin ƙullin daddawarta.
Na miƙa shi ta taga ina ƙafafa.
Mai magani ya bi jerinsa da ɗan yatsa,
ya sauka, ya hau, ya sake sauka:
"Ganin likita, kati ya ɗauka.
Maganin zazzaɓi, kati ya ɗauka.
Wannan kuwa, Baba, ba ya ciki."

Wa ya rubuta jerin nan?
Ina son in san ko yana da hanta.

A kemis na yi lissafi da harshen sana'ata:
kwalba guda, faci arba'in.
Ban da hatsi, ban da kuɗin makarantar Bishir,
ban da man injin iska mai tarin tsufa.
Wata na farko na saya.
Na biyu, akuyar Murja ta tafi kasuwa.
Na uku na ɗauko rezar yankan roba,
na wanke ta, na zauna a zaure,
ina raba ƙwaya biyu kamar goro,
ina lasar garin da ya zuba a tafina.

Da na faɗa wa likita sai ya cire tabarau.
"Sada, in na kawo maka taya,
za ka liƙe mini rabin huda?"
Na yi shiru.
Shi ma ya yi shiru, don ya san
ba rowa ce ta ba ni rezar ba.

Ran Talata wata farar mota ta tsaya,
lambar gwamnati, ƙusa a tayar baya.
Mai ita na inuwa yana danna waya.
Na ce ranka ya daɗe, kuna kusa da masu rubutu,
a ƙara mana layi ɗaya a jerin nan.
Mu nawa ne? Je ka benci ran Laraba:
da mai shayi, da malamar firamare,
da amarya da lallenta bai goge ba.
Ya ce, "Ana dubawa."
Bai ɗago kai ba.

Na kankare robar, na shafa gam,
na danna da ƙarfe mai zafi har ta kama.
Na tsoma a ruwa, ko kumfa ɗaya.
Cikakken faci na yi masa,
hannuna bai iya rabin aiki ba.

Ya biya, ya tafi.
Da dare na girgiza kwalbar kusa da kunne.
Murja daga ɗaki ta ce saura nawa?
Na ce tara.
Ta ce tara cikakku?
Ban amsa ba.